Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar maigida

Salama a gare ku, 'yan'uwa da abokan arziki. An sallamo maigida daga Asibitin Ƙashi na Dala, yanzu yana gida, yana koyon tafiya da sanduna. Ƙafar hagu dai ba ta tsira ba, likitoci sun yanke ta daga ƙasan gwiwa bayan haɗarin da ya yi da a-daidaita-sahu a titin Zariya. Rai kuwa Ubangiji ya bar mana, yabo ya tabbata gare shi.

Muna godiya ga abokan sana'arsa da suka ajiye fasinja suka ɗauke shi cikin jini. Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, musamman masu wankin ciwo, domin aikin nan sai mai zuciya. Maƙwabcinmu mai shago a nan Sabon Gari, Musulmi ne, shi ya fara miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ya kuma hana mu biyan bashin shinkafa da man da muka ci har sai mun farfaɗo. Malam, Allah ya sāka maka da alheri, ya raya maka zuriya. Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu, kun nuna mini lallai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: kunun gyaɗa da safe, farfesu da yamma, wata ta kai yara makaranta, wata ta kwashe wanki. Matasan da suka riƙa kwana a kan tabarma domin in je gida in runtsa, da duk wanda ya sa hannu a baikon da aka tara mana, Ubangiji ya gan ku.

Sai dai akwai ciwon da ba a ɗaure shi da bandeji. Bayan tiyata maigida ya juya fuska bango, ya daina cin abinci. Wani dare ya ce mini, "Maman yara, me ya rage? Namijin da ba zai kawo cefane ba ai kaya ne kawai." Ban ga laifinsa ba. A garin nan da abin da mutum ya shigo da shi da yamma ake auna shi. Mai kekin ma da ya zo, maganar gyaran mashin da balas ya fara yi kafin ya ce sannu. Wasu masu dubiya kuma suna tsaye a kansa suna cewa "wayyo, shi ke nan an gama," kamar ba ya ji.

Shi ya sa godiyata ta musamman take ga wani dattijon ikilisiya, wanda duk muke kira Baba. Bai zo da dogon wa'azi ba. Ya ja kujera, ya buɗe 2 Sama'ila sura 9, ya karanta labarin Mefiboshet ɗan Jonatan, jikan Sarki Saul. Yana shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi da gudu sa'ad da aka ji labarin mutuwar Saul da Jonatan, ya faɗi, ya gurgunce ƙafa biyu. Ya zauna a garin Lodebar, nesa da fada. Da Sarki Dawuda ya aika a kirawo shi, shi da bakinsa ya kira kansa mataccen kare. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ce kullum tare za su ci abinci, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Baba ya sa yatsa a aya ta ƙarshe, inda aka sake faɗa cewa har a lokacin gurgu ne. Ya ce, "Ɗana, ƙafarsa ba ta warke ba, amma ba wanda ya taɓa kujerarsa." Maigida ya yi kuka sosai, daga nan ya ce in miƙo masa kunu.

Na gaskata wannan da dukan zuciyata. Farawa 1:27 ta ce cikin siffar Allah aka halicci mutum, siffar nan kuwa wuƙar likita ba ta kai gare ta. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wato an riga an biya farashinmu tun ba mu kawo ko sisi ba. To yaya rashin ƙafa ɗaya zai rage shi?

Ina da roƙo. In kun zo gaisuwa, ku yi magana da shi kai tsaye, kada ku tambaye ni yaya jikinsa alhali yana zaune. Ku nemi shawararsa kamar dā, ku yi masa hirar ƙwallo, ku bar shi ya yi muku addu'a shi ma. Ya san injin keke ciki da waje, yana kuma shirin buɗe ɗan teburin kayan gyara da zarar ciwon ya kame aka auna masa ƙafar roba.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu yi godiya a majami'a lokacin sujadar Hausa, bayan an tashi kuma akwai ɗan abin taɓawa a gida. Muna gayyatar kowa, Kirista da Musulmi. Ku ci gaba da sa mu cikin addu'a, musamman kan kuɗin ƙafar da makarantar yara.