Aloberar da na kashe da ruwa

Ƙanwar maigidana ce ta kawo min ita daga Kano da babbar Sallah, a gwangwanin madara. Ganye biyar ne kacal, kore masu ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabuwa. Ta ce alobera ce, ana shafa ruwan cikinta a ƙuna, wasu kuma a gashi. Ni kuwa a ƙauyenmu na gefen Ringim abin da na saba da shi tattasai ne da yakuwa, waɗanda in suka kwana biyu ba ruwa sai su langaɓe. Haka na ɗauke ta.

Na samo tsohon bokitin roba na cika da ƙasar fadama, baƙa mai danƙo, na zuba takin akuya. Ban huda gindin ba, don a ganina asarar ruwa ce. Duk alwalar da na yi, ragowar ruwan buta a kanta yake ƙarewa. Na kuma ajiye ta daidai ƙarƙashin indararo, ga Agusta ya shigo da marka.

Ba a yi mako uku ba ganyen ƙasa suka yi rawaya, suka yi luguf kamar mangwaron da ya wuce nuna. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ranar da na kama tsakiyarta don in daidaita ta, sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓiyar albasa.

Surukata na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "'Yar nan, ba ki ga shukar kariya ta ƙofar gidan mai gari ba? Wa kika taɓa gani yana ba ta ruwa? Shuka mai ƙiba irin wannan, guzurinta na cikinta."

Na ce, "Inna, ai tausayinta nake ji."

Ta ce, "To ga inda tausayin ya kai ta."

Ashe asalin alobera daga yankin Larabawa ne, inda ƙasa take da tsakuwa, ruwan sama kuma ba ya zama. Kaurin ganyenta ma'ajiyar ruwa ce. Da rana ma rufe ƙofofin numfashinta take yi don kada ruwan ya tsere, sai dare ta buɗe su. Saiwarta iska take so, laka mai jiƙe kuwa shaƙe ta take yi.

Allah ya sa akwai 'yar ƙarama guda da ta tsiro a gefe, ruɓar ba ta kai gare ta ba. Na cire ta na bar ta a inuwa kwana uku har wurin yankan ya bushe. Na huda gindin wata tsohuwar tukunyar ƙasa, na shimfiɗa tsingaro, na haɗa yashin kogi kashi biyu da ƙasar lambu kashi ɗaya da ɗan dakakken gawayi. Bayan dashe na yi mako guda ban ba ta ko ɗigo ba, kuma wallahi wannan ne ya fi min wuya. Hannuna har ƙaiƙayi yake in na wuce da buta.

Yanzu sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe ƙamas, sannan in zuba ruwa har ya fito ta ƙasa. Da zafi yakan kai mako guda, da hunturu har mako uku. Da damina tana ƙarƙashin rumfa. Zafin ranar Afrilu ya taɓa mayar da ita ja kamar an shafa mata lalle, shi ya sa hantsi kawai take sha yanzu. Kaji kuma sun ɗauki yashin wurin wanka, sai da na jera tsakuwa a kai.

In na yanki ganye, nakan tsayar da shi a kofi ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye tukuna. Shi ke sa gudawa, kuma mai ciki ba ta shan sa.

Bana ta yi 'ya'ya huɗu. Maƙwabciyata ta aiko ɗanta da kwano a ba ta ɗaya. Na kifa kwanon na duba gindinsa, na ce ya koma ya ce wa Ummansa ta huda shi tukuna.