Ƙwarewa da takardar shaida idan an tsallaka iyaka

Na gama sakandare ba tare da wani ya zaunar da ni ya tambaye ni aikin da nake son yi a rayuwa ba, kuma fannin da na karanta a jami'a na shige shi ne saboda makin da na samu ya kai. Sai bayan shekaru, lokacin da na fara neman aiki a wata ƙasa, na gane cewa abin da mutum ya iya da hannunsa daban, abin da takardarsa ke shaidawa daban, kuma kowace ƙasa da mudun da take auna su. Wannan jinkirin ya ci mini lokaci mai yawa, shi ya sa batun bai wa matasa shawara kan zaɓen sana'a yake damuna har yau.

A shekarar 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da irin wannan shawara a birnin Boston na Amurka, inda ya ɗora aikin a kan abubuwa uku: mutum ya san kansa, ya san abin da kowane aiki ke buƙata, sannan ya yi tunani mai kyau wajen haɗa biyun. Tsarin yana da amfani har yanzu, amma a ganina matashin wannan zamani yana buƙatar tambaya ta huɗu, wato a ina ne za a amince da takardar da zai kashe shekaru yana nema.

Jamus ce ƙasar da ta fi jan hankalina. A can matashi yana ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu a mako yana aiki a ƙarƙashin gwani, sauran kwanakin kuma yana makarantar koyon sana'a, ana biyansa albashi tun daga watan farko. Horon yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku da rabi, akwai sana'o'i sama da 300 da hukuma ta amince da su, kuma dokar da ta tsara wannan ta samo asali ne tun 1969. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe, don haka mai ɗaukar ma'aikaci ya san ainihin abin da takardar ke nufi. A Suwizalan ma kusan kashi biyu bisa uku na matasa wannan hanyar suke bi bayan karatun dole. Singafo kuwa ta mai da hankali kan manya, inda daga 2016 take bai wa duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 25 dalar Singafo 500 don ya ƙaro ilimi.

Wahalar tana bayyana ne a ranar da mutum ya tsallaka iyaka. Ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara goma a asibiti, idan tana son aiki a Birtaniya, sai ta nuna ƙwarewarta a Turanci, galibi ta jarrabawar IELTS ko OET, ta ci jarrabawa ta kwamfuta, sannan ta yi gwajin aiki a gaban masu tantancewa kafin hukumar ma'aikatan jinya ta yi mata rajista. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 kan amincewa da takardun karatu tsakanin ƙasashe, da irinta wadda UNESCO ta amince da ita a 2019, ta kuma fara aiki a 2023, sun bai wa mai takardar ilimi mai zurfi haƙƙin a duba ta da adalci a ƙasashen da suka shiga yarjejeniyoyin, amma lasisin aikin likita ko lauya yana hannun hukumar kowace ƙasa.

Saboda haka, idan matashi ya zo mini da burin aiki a waje, nakan tura shi ya fara karanta sharuɗɗan hukumar da ke ba da lasisin sana'arsa a ƙasar da yake hange, tun kafin ya biya kuɗin wani kwas. Nakan kuma roƙe shi ya adana cikakken sakamakonsa, da manhajar darussan da ya yi, da takardar da ke nuna sa'o'in horonsa a wurin aiki, domin su ne masu tantancewa ke nema, kuma samo su daga makaranta bayan shekaru yana da wuya ƙwarai.