Digiri ko riƙe fitila

Shekara shida ke nan ina sana'ar ɗaukar hoto a Kano, kuma a makon jiya ƙanena ya tambaye ni ko ya dace ya yi shekara huɗu a jami'a kafin ya shigo cikinta. Ni dai a shagon maigidana na koya, a Titin Gidan Zoo, inda na yi wata takwas ina riƙe masa fitila a wuraren kamu kafin ya yarda in taɓa kyamara. Har yau babu amaryar da ta nemi ganin takardar shaidata. Hotunan da na ɗora a Instagram take dubawa, sannan ta tambayi farashi.

Sai dai ranar Hawan Daushe, ina tsaye a Ƙofar Kudu cikin ƙura, na ga wata ɗalibar aikin jarida ta Jami'ar Bayero tana rubuta sarautar kowane hakimi da ta ɗauka, kuma da muka zanta ta bayyana mini yadda ake sayar wa jarida hoto ba tare da an rasa haƙƙin mallakarsa ba. Wannan kam ban koya a shago ba. Na ce wa ƙanen nawa ya nemi gurbin karatun, amma duk Asabar ya zo ya riƙe mini fitila.