Cocin da wasiƙa ta kawo Badagiri

Shekarar da na yi bautar ƙasa a Badagiri, kullum sai na wuce ta gaban cocin Metodis a hanyata ta zuwa makarantar da nake koyarwa. Wata uku ban ko ɗaga kai na karanta sunan da ke jikinta ba. Me ya haɗa Bakatsine da coci? Wani dattijo da muke koyarwa tare, ɗan ƙabilar Egun, shi ya tsayar da ni wata ranar Asabar.

"Malam, ka san wane ne Freeman ɗin nan?"

"Baba, wani Bature ne dai," na ce.

Ya yi dariya har da tari.

Ashe Thomas Birch Freeman, wanda cocin ke ɗauke da sunansa, mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa ce 'yar Ingila. A can aka haife shi a 1809, sana'arsa kula da lambu. A 1838 ya sauka Cape Coast a matsayin ɗan mishan na Metodis, a ƙasar da yau muke kira Gana, ba a jima ba matarsa ta rasu, shi kuwa ya zauna. Ranar 24 ga Satumba 1842 ya iso Badagiri tare da William de Graft, ɗan ƙabilar Fante ta Gana, da matar shi de Graft ɗin. Daga wannan rana 'yan Metodis na Najeriya ke ƙidayar shekarunsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin zuwansa. Ni da na ɗauka 'yan mishan ne kawai suka ga dama suka taso. Kiransa aka yi. Akwai Yarbawa da aka kama bayi, jiragen ruwan Ingila suka ƙwace su a teku, aka sauke su a Saliyo, suka shiga Kiristanci a can. Da kewar gida ta ishe su, suka haɗa kuɗi suka fara dawowa ta Badagiri, yawanci suna neman hanyar Abekuta. Ɗaya daga cikinsu, James Ferguson, shi ya rubuta wasiƙa a 1841 yana roƙon a aiko musu mai wa'azi. Ku duba fa: garin da ya yi suna wajen fitar da bayi, wanda daga bakin ruwansa kana hango tsibirin Gberefu inda ake tasa ƙeyarsu zuwa jirgi, nan ne 'yantattun bayi suka dawo suka nemi a gina musu wurin ibada.

Ginin farko na gora ne, ba wannan da ake gani yanzu ba. Freeman bai daɗe ba ya wuce Abekuta wurin Sodeke, shugaban Egba, ya dawo ana gobe Kirsimeti ya tarar da Henry Townsend na Angilikan ya iso. Tare suka yi bikin a gindin wata bishiya da ake kira Agia. Guguwa ta kayar da bishiyar a 1959, yanzu wani ɗan gini ne a gurbinta. Na je na gani, gaskiya bai cika ido ba.

De Graft aka bar wa cocin. Shi ya sha zaman yau da gobe da mutanen garin, waɗanda akasarinsu ba su ga dalilin barin addinin kakanninsu ba, amma ba sunansa ne a bango ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa wa Baba. Bayan rikicin da ya ɓarke a Badagiri a 1851 kasuwa ta koma Legas, hankalin 'yan mishan ma ya bi ta.

Sau ɗaya na shiga ciki, ranar auren 'yar Baba. Na zauna a bencin baya da hulata, ban san waƙa ko ɗaya ba. Da lokacin azahar ya yi, shi da kansa ya bar baƙinsa ya aiko jikansa ya nuna mini inda zan sami ruwan alwala.