Yadda na zaɓi kyamarar DSLR ta farko

Na daɗe ina ɗaukar hoto da waya kafin na yanke shawarar sayen kyamara ta gaske, wato DSLR, irin mai madubi a ciki wadda ake cire mata gilashi a sa wani. Abin da ya tura ni shi ne hoton cikin ɗaki da yamma, duk yadda na yi da waya sai fuska ta fito da dusa-dusa, yara kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya balle ka samu yadda kake so.

Da na fara bincike kowa maganar megafiksel yake, wato yawan ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, amma da na jera ƙananan da ake sayar wa masu koyo sai na ga kusan duk ɗaya suke ta nan. Nikon D3500 da Canon 2000D, duka na 2018, kowacce tana da megafiksel 24 da ɗan ɗori, kuma sensarsu duka, wato ɓangaren da haske ke sauka a kai ya zama hoto, mai girman da ake kira APS-C ce, wadda ta ninka ta waya sau da yawa a girma, shi ya sa suke kama haske ko da wuri ya yi duhu. To bambancin yana wani wajen. D3500 tana da maki 11 na fokas, wato wuraren da take iya saita hoto ya fito tas, 2000D tana da 9, batirin D3500 kuma kamfanin ya ce yana kai hoto 1,550 a caji ɗaya. Sai dai dukansu sikirin ɗinsu a manne yake ba ya juyawa, kuma babu wurin sa makirufo. Wanda bidiyo ne a ransa gara ya duba Canon 250D, ita sikirin ɗinta na juyawa, ana taɓa shi kamar waya, fokas ɗinta ma yana bin fuska sosai. Ni dai hoto nake so, bidiyo bai dame ni ba.

Abin da ya raba min gardama shi ne riƙewa a hannu. Na ɗauki kowacce na kai ido, na lalubi maɓallai, na shiga menu na fita, D3500 ce ta zauna min a tafin hannu kamar don ni aka yi ta, ba nauyi, yatsuna suna kai wa komai. Wani abokina da ya gwada cewa ya yi Canon ta fi masa daɗi, kuma gaskiyarsa ne, hannu ba ɗaya ba ne.

Amma fa babban abin da na gane shi ne gilashi kake saye, jikin kyamara rakiya ya yi. Wanda ake haɗowa da ita, 18-55mm, yana da kyau da rana, amma idan ka zuƙo hoto ƙofarsa ta shigar haske na tsukewa zuwa f/5.6 (ƙaruwar wannan lamba na nufin ƙofa ta ƙara tsukewa), haske ya ragu, cikin ɗaki sai ka ga hoto na rawa. Ranar da na ɗaura gilashin 35mm f/1.8 mai faɗin ƙofa wallahi sai da na zauna ina ta kallon hotunan, fuska tas, baya ya narke, ba filashi ba komai. Don haka da kuɗin da zan ƙara in sayi jiki mai tsada, gilashi na saya da memori mai sauri da batir na biyu. Kuma a kula, ƙananan Nikon ba su da motar fokas a jiki, sai gilashi mai alamar AF-S ko AF-P ne zai yi fokas da kansa, tsofaffin kam da hannu za ka murɗa. Canon kuwa duk gilashinta mai alamar EF tun na 1987 yana hawa.

Yanzu kamfanonin sun karkata ga marasa madubi, saboda haka DSLR na hannu sun yi yawa kuma sun yi sauƙi, tawa ma ta hannu ce. Kafin na biya na duba adadin bugun shata, wato sau nawa labulen da ke gaban sensa ya buɗe don ɗaukar hoto, don irin waɗannan ana ƙiyasta musu kusan 100,000, na haska fitila cikin gilashin ko akwai hunhuna, sannan na ɗauki farin bango a f/22 don in ga ƙurar sensa. Ɗigo biyu ne suka fito, aka hura su suka tafi.