A teburin mai gasa kifi saƙata ta zama sana'a

Duk wanda na gaya wa cewa kayan sanyi nake sayarwa a Garwa, a arewacin Kamaru, sai ya sake kallona. Garin da a watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40, ka taɓa ƙarfen ƙofa da azahar ka janye hannu ba shiri. Amma ga shi yau shekara 9 ke nan da saƙa nake ci nake sha. Ina da ɗan shago a unguwar Hausare, da keken saƙa 2, da 'yan mata 4 da muke aiki tare. Haihuwa ba ta tsayawa, hunturu kuma duk Disamba sai ya zo.

A wurin gwaggona na koyi saƙa tun ina budurwa, kuma shekara da shekaru ban ɗauke ta a bakin komai ba face abin ɗebe kewa. In na gama aikin gida sai in ɗauko tsinkaye biyu da dunƙulen zare in zauna a gindin darbejiya. Abin da na saƙa, na kyauta ne: hula ga jaririn maƙwabciya, safa ga ɗan ƙanwata, shawul in an yi haihuwa a dangi. Ko da wasa ban taɓa tunanin karɓar kuɗin wani ba.

Ina da aminiya tun muna makarantar firamare, Bafulatana ce daga unguwar Fulɓere, aikin lissafin kuɗi take yi a wani ofis. Mun saba, da sanin mazajenmu, duk Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar mukan hau mashin mu nufi wajen gadar Binuwai mu ci kifi. Akwai wata dattijuwa da muke zuwa wurinta, Inna muke ce mata. Faranti take turo maka ka zaɓa da kanka, karfasa ce ko yankan giwan ruwa, yawanci daga madatsar ruwan Lagdo ake kawo mata da safe. Sai ta tsattsaga kifin ta ɗura masa niƙaƙƙen citta da tafarnuwa da barkono, ta ɗora a waya kan garwashi, tana fifita tana shafa mai da ɗan tsumma a kan tsinke. Inna ba ta gaggawa. Kifinta sai ya ci minti 40 a wuta, in ka matsa mata ta ce maka ɗanye ake ba mai sauri. A wannan jiran ne nake fito da saƙata daga jaka, ƙawata na shan zoɓo, wanda a nan muke ce wa folere, muna hira muna leƙen ruwa ko dorina za ta ɗago kai.

Wurin cin abinci da saƙa ba sa rabuwa da abin dariya. Akwai ranar da dunƙulen jan zare ya suɓuce daga cinyata ya gangara ta ƙarƙashin benci, ya bi gangaren nan yana warwarewa, yara uku suka bi shi da gudu kamar ƙwallo. Wanda ya kamo shi ya dawo yana naɗewa a hannu, ya ce sai an biya shi ladan tsere, Inna ta ba shi kan kifi. Mai tsiren da ke gefe kuwa kullum ya gan ni sai ya ce, «Hajiya, ara mini tsinkayen nan naki, guda ɗaya zai ɗauki naman sefa 1,000.» Wani dattijo mai ɗinkin hula ya taɓa tsayawa a kaina ya daɗe yana kallo, daga bisani ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda nake yin tufa ba tare da ƙyalle ba, shi sai an ba shi yadi yake zuba masa ado, ni kuwa daga zare tsura nake fito da riga.

Inna ce ta fara saye a hannuna. Wata Asabar cikin sanyi ta ga wata 'yar hula ruwan ƙwai da na kusa gamawa, ta goge hannu a zane ta karɓa ta jujjuya. Ta ce, «'Yata, jikata ta haihu shekaranjiya, nawa za ki bar mini?» Na ce ta ɗauka kawai, Allah ya raya. Ta ce ba ta yarda ba, ita ma ba kyauta take gasa kifi ba. Da za mu tashi ta ƙi karɓar kuɗinmu. A wata mai zuwa mata biyu na jirana a bencinta, kowacce da nata saƙon.

Watanni na yi ina karɓar aiki ina sa farashi da ka. In na sayi zare na sefa 2,000 sai in ce a ba ni 2,500, ina ganin na ci riba. Ƙawata ce ta tsayar da ni. Muna zaune kifi na wuta, ta ajiye wayarta a kan tebur ta ce in saƙa layi goma tana duba lokaci. Ta tambaye ni layi nawa ne a rigar jariri, nawa a hula, nawa a safa, ta rubuta a bayan wata takarda. Da ta haɗa sai ga shi saiti ɗaya yana cin mini sama da awa 20. Ta tura mini takardar ta ce, «Ke ƙawa, idonki da ƙashin bayanki kyauta ne? Kuɗin mashin zuwa kasuwa fa, wa ya biya?» Na ce ina jin nauyin mutane, duk 'yan unguwa ne. Ta ce jin nauyi ba ya sayen zare. Ranar ta koya mini raba kuɗi gida uku: na zare, na aikin hannu, da na ajiya don kayan aiki. Takardar tana nan a cikin littafin shago, da tabon mai a gefenta. Da na ɗaga farashi mutum biyu ne kawai suka janye, ɗaya ma ta dawo bayan hular da ta saya da araha ta buɗe baki a wanki na farko.

Zare shi ne rabin sana'ar, kuma a nan ne abin ke yi mini ciwo. Garwa garin auduga ne. Hedikwatar SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, tana nan tun kafa shi a 1974, ƙungiyar ƙwallonmu ma Coton Sport ce, kuma lokacin kaka manyan motoci ne ke wucewa maƙil da auduga har tana zuba a gefen titi. Duk da haka zaren da nake saƙa da shi daga ƙetare yake zuwa, wani ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, wani 'yan kasuwa su shigo da shi ta Najeriya. Ulu muke ce masa a baki, amma mafi yawansa na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Ina son in ga ranar da zan saƙa wa jaririn Garwa riga da zaren audugar da aka noma a Pitowa ko Gidar, mai laushi, wanda aka murza don tsinke. Audugar ta fi dacewa da fatar jariri a ƙasa irin tamu, ko da yake ba ta komawa yadda take in ta miƙe, sai an san yadda za a kama mata baki.

Dunƙule yakan zo a giram 50 ko 100, kuma a jikin takardar da aka naɗe shi akwai lambobi biyu: ta launi da ta tukunyar rini. Ta biyun ce mutane ba sa dubawa, ni ma sai da ta cije ni na san ta. Wata hajiya ta ba ni aikin babban shawul shuɗi na sunan jikanta. Zare ya ƙare mini saura kwata, na aika kasuwa aka sayo mini mai lambar launi iri ɗaya. Da dare a hasken fitila ban ga komai ba. Da gari ya waye na shimfiɗa shi a tsakar gida, sai ga layi ya raba shawul ɗin biyu, sama shuɗin bula, ƙasa ya ɗan yi duhu. Saura kwana uku suna. Na warware aikin kwana biyar, na bi shaguna da ragowar takardar a hannu har na samu dunƙule huɗu masu lamba ɗaya, muka kwana biyu muna yi ni da babbar yarinyata. Tun daga nan ba na ɗora aiki sai zarensa ya cika a gabana, har da ƙarin dunƙule ɗaya.

Yarinya in ta zo koyo, mako biyun farko ba ta saƙa abin sayarwa. Ƙananan madaukan nan da ke jere a kan tsinke, mu ido muke ce musu, su za ta koyi ɗorawa da ƙirgawa, sannan saƙar gaba da ta baya. Duk wani ado da ka gani a rigar sanyi daga waɗannan biyun ya fito. Biyu gaba biyu baya shi ke ba da bakin hula mai kama kai ya saki ba tare da roba ba. Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne hannu. Wata tana jan zare kamar tana ɗaure akuya, wata ta sake shi kamar raga, ka ba su ido 60 iri ɗaya, hular wannan ta shiga kan jariri, ta waccan sai ɗan shekara uku. Shi ya sa kowa sai ta fara saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, mu auna, sannan in san lambar tsinken da zan ba ta.

Da kuɗin adashi na sayi keken saƙa na farko, na hannu ne, tsohon Brother mai allura 200. Ba ruwansa da wutar lantarki, turawa kake hagu da dama, kowane turi layi guda. Abin da hannu zai yi a yini biyu yakan gama shi kafin azahar, kuma da shi muke yin rigunan sanyi na 'yan makaranta. Sai dai yana da rai irin nasa: ƙurar hunturu na shiga tsakanin allurai, kullum sai an share an ɗiga mai, allura guda ta lanƙwashe kuwa sai ka ga tsani ya sauko tun daga wuya har gindin riga. Aikin kwarashi kuma, irin bakin shawul da takalman jarirai da furanni, keke ba ya yin sa, dole hannu. Nakan gaya wa mai saye wanne ne na keke wanne ne na hannu, farashinsu ma ba ɗaya ba ne.

Kasuwarmu a Garwa daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu, sai kuma tsakiyar damina. Abin da ke riƙe shagon a sauran watanni Ngaundere ce. Kusan kilomita 280 ne daga nan, amma da mota ta haye dutsen da ke kan hanya ka shiga wata duniya, garin yana bisa tudu sama da mita 1,000, safiyarsa da sanyi kusan duk shekara. Ina da mata biyu a can da nake aika wa kaya a motar haya, su zaɓa a hoto ta WhatsApp, su turo kuɗi ta Orange Money. Babban abokin gogayyarmu gwanjo ne. Dila guda in aka kwance, rigar sanyi ta Turai za ka samu a kuɗin da bai kai na zarena ba. Ba na jayayya da wannan, talaka da abin da aljihunsa ya iya yake saye. Ni abin da nake sayarwa shi ne sabo fil da ba wanda ya taɓa sawa, a launin da uwa ta zaɓa, wani lokaci har da sunan jariri a ƙirji. Kayan barka ba a kai gwanjo. Kuma duk wadda ta saya sai na ja mata kunne: ruwan sanyi, ban da murza, a shanya a kwance a inuwa, kada dutsen guga ya kusance shi, don zaren roba narkewa yake.

Cinikin da ba zan manta ba shi ne na gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022. Garwa ce ta karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, a filin Rumde Ajiya. Tun watanni kafin nan, a bencin Inna, ƙawata ta ce in tanadi zare kore da fari, don mutanen Yola da Mubi za su cika gari kuma cikin hunturu ne. Na bi maganarta, muka saƙa huluna kore da fari, da kore da ja da ruwan ɗorawa na Kamaru. Ranar 11 ga wata da Najeriya ta ci Masar 1 da nema, kafin magariba yaron da na ba tallan ya dawo hannu wofi sau biyu. Muka ƙara dare muna yi. Da Tunisiya ta fitar da Najeriya ranar 23, huluna 14 suka rage mini, na aika su Ngaundere suka tafi a hankali.

Har yanzu ba mu fasa Asabar ɗinmu ba. Inna ta manyanta, 'yarta ce ke kan wuta, ita tana zaune a kujera tana karɓar kuɗi tana faɗan a rage gishiri. Ƙawata takan duba littafin shago kafin kifi ya iso, ta zagaye bashin da ya daɗe da jan biro. Da ta rufe littafin sai in fito da saƙar da ke jakata, kuma wannan doka ce na sa wa kaina: abin da nake kawowa bakin kogi ba na ciniki ba ne, ba mai jiransa da kuɗi, ba ranar da zan ce dole in gama. Wanda ke kan tsinkena yanzu farin shawul ne, da zare siriri da tsinke mai milimita 3, na 'yar ƙawata ta fari da muke sa ran za ta sauka bayan Sallah. Watan jiya ƙawar tawa ta miƙo hannu za ta taɓa, yatsunta duk yajin kifi, na janye shi da sauri na ce, «Ƙawa, wanke hannu tukuna, na jikanki ne.» Ta tashi ta je wurin buta tana dariya, ta dawo ta shimfiɗa shi a cinya tana ƙirga furannin bakin, sun kai 31, saura 17.