Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Majami'ar da Baba Ya Kwaɓa wa Ƙasa

Makon jiya na tsaya a kan aurena, amma yau sai na koma baya, don zancen majami'ar ƙauyenmu ya ƙi barina.

Ku yaran yanzu kwano da siminti kuka tarar. Mu da jinka muka san ta. Kujerun ma na laka ne, ka je sujada da farar riga ka dawo da jan baya. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce, a rataye jikin ɗorawa, Baba ke buga ta tun da duhu-duhu. Shi ne mai bishara. Albashinsa dawa da gyaɗa daga baikon kaka, wata shekarar ko su babu.

Daga Bambur bishara ta zo mana, inda Guinter, ɗan mishan daga Amurka, ya kafa mishan a ƙasar Wurkun a 1923, bayan shekarun da ya yi a Wukari. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, bugun 1932, Baba ya koyi karatu, da shi kuma ya koya wa rabin dattawan da ke hakimcewa a kujerar gaba yau. Yakan ce, "Allo na mai fenti ne, bango na wanda ya kwaɓa ƙasa." A idona aka goge EKAS (Ekklesiyar Kristi a Sudan) Lardin Muri daga allon sunan majami'armu aka rubuta EKAN (Ekklesiyar Kristi a Nijeriya). Can Amurka iyayen gidanmu na ikkilisiyar EUB (Evangelical United Brethren) suka haɗe da Methodist a 1968, sabon sunan bai iso allonmu ba sai bayan shekaru, muka wayi gari UMCN, wato United Methodist ta Nijeriya. Ranar da labarin zaɓen Bishop Done Peter Dabale ya iso a 1992, matan zumunta kwana suka yi suna kaɗa tulu.

To, ga abin da ke cin raina. Ranar buɗe sabon gini aka karanto sunayen masu buhun siminti ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai taɓa kwana a garin ba. Baba na zaune can baya da sandarsa, ba wanda ya ambace shi. Na tashi zan yi magana, kawuna ya riƙe mini riga, ya ce, "Ɗana, zauna, gidan Ubangiji ne." Na zauna, amma ban yafe wa kwamitin nan ba, kuma sun san kansu. A hanyar gida Baba dariya kawai ya yi, ya maimaita maganarsa ta allo da bango.

Bai ga 2024 ba, gara da bai gani ba. Ikkilisiya ta rabe, wasu suka bi sabuwar ɗariƙar Global Methodist, wasu suka tsaya a UMCN, 'yan ɗaki ɗaya suka daina gaisawa a kasuwa. Kan allon dai aka yi ta ja, kowa na cewa iyayensa ne suka gina wurin. Waɗanne iyayen? Ni na ga mai ɗebo ruwan kwaɓin daga rafi, Inna ce, da goyon ƙanwata a baya.

Mako mai zuwa zan kawo labarin zuwana Jalingo neman aiki, in Allah ya kai mu.